Randar Tsiyala

Daren da aka haife ni, in ji Gwaggo Lamara,
ƙanƙara ta sauko daga duwatsun Kokasa
ta yi wa rabin garkarmu kaca-kaca.
Baba Shalba bai zauna jimami ba.
Ya tsince abin da ya tsira, baƙin inabin saferabi,
ya zuba a komin itace, ya tattake da ƙafa,
jar ta hau masa har ƙwauri, mako guda ba ta fita ba.

Randar ta kakan kakansa ce, binne a ƙasa iya wuya,
a ɗakin da ba a shiga da fushi.
Ya zuba ruwa da ɓawo da ƙwallo gaba ɗaya,
ya bar su suna gunaguni a cikin duhu.
Da sanyi ya wuce ya tace, ya mayar,
ya ɗora falalen dutse, ya liƙe da yumɓu,
ya ce, "Wannan ta Tsiyala ce. Sai ranar bikinta."

Biki bai zo ba. Motar safa ce ta zo.

Shekara goma sha tara ina birnin Bari
ina juya tsohuwar wasu a kan gado,
ina goge mata baki, ina taje mata furfura,
ina aiko kuɗin turaku da na waya da maganin feshi.
Duk kaka sai ya kira:
"Bana rana ta yi kirki, inabi ya cika ido."
Bai taɓa cewa in dawo ba.
Ni ma ban taɓa cewa ina nan tafe ba.
Mu biyun kanmu ɗaya, tauri kamar kututturen kuringa.

Ranar Talata muka kai shi makwanci,
can inda ake hango kogin Alazani.
Da dare ƙanena Goca ya kunna kyandir,
ya miƙo min wuƙar da Baba ke yi wa rassa aski.
Na ce ai ba biki ba ne.
Ya ce, "Mutum nawa kika gani a tsakar gida?
Wane biki ne zai tara miki fiye da haka?"

Yumɓun ya fashe kamar busasshen burodi.
Muka ture dutsen.
Ƙamshi ya taso a hankali, irin tashin dattijo:
busasshen ɓaure, ɓawon rumman,
ƙasa bayan ruwan farko,
da wani abu mai kama da wuyan rigarsa.

Na zura ludayi mai dogon hannu.
Ja ce, amma jar da ta yi kusa da baƙi,
hasken kyandir ya nemi ratsa ta, ya kasa.
Kurɓin farko na ɗiga a kan burodi, rabon mamaci.
Na biyu ya zauna min a harshe da nauyinsa,
bauri ya kama min dasashi ya riƙe,
sai can ƙasan maƙoshi zaƙi ya leƙo,
a makare, kamar yadda yake yabon mutum.

Kafin asuba ƙauye ya shanye shekara arba'in da ɗaya.

Yau ni na sauka cikin randar don wanki,
Goca ya yi teɓa, bakin ba ya ɗaukarsa.
Ina gogawa da ɓawon itace sai hannuna ya tsaya:
a jikin kakin zuman da aka shafe ciki
ga shatin babban yatsa, mai tabon lauje.
Na ɗora nawa a kai. Ya fi nawa faɗi.

Tikitin komawa na aljihuna, jirgin jibi ne.
Daga sama Goca na tambaya ko na gama.
Matarsa wata bakwai gare ta,
inabi kuma ya fara baƙi.
Na ce masa ya ƙaro ruwa.